Ma'aunin Hali da Zuciyar da Ta Daina Jin Daɗi

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma masana halayyar ɗan Adam takarda suka tambaya. A shekarar 1896 wani Bafaranshe, Théodule Ribot, ya raɗa wa wata larura suna: mutum ya ci, ya sha, ya zauna cikin dangi, amma daɗin komai ya gushe masa. A 1976 Loren Chapman da abokan aikinsa a Amurka suka tsara tambayoyin auna ta. Bincike ya nuna cewa masu wannan larura sukan sami maki kaɗan a ɓangaren fara'a da son cuɗanya na gwajin hali.

Shin idan takardar nan ta shigo cikin ganuwar Zariya, me za ta gani? Ga uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, balle ta yi murnarsa a bainar jama'a. Ga malamin zaure a Unguwar Juma da ba ya zuwa kallon hawan Sallah a Ƙofar Fada. Mai duba maki kawai yana iya cewa zukatansu sun bushe. Alhali Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a nan Zariya, ya lissafa kunya da haƙuri cikin siffofin mutumin kirki a 1974.

Sai dai kada mu yi saurin yi wa takarda dariya, domin namu kuskuren ya fi nauyi. Mai gudun duniya yana jin zaƙin zuma, ya bar ta don Allah. Mai wannan ciwo kuwa ya lasa ne ya ji salam. Na farko zaɓi ya yi, na biyu jarrabawa ce ta same shi. Sau nawa ɗalibi ya daina wasa muka ce ya natsu? Sau nawa amarya ta daina dariya muka yaba haƙurinta? Yabon namu ya zama mayafin da ya rufe ciwon da likita zai iya yi wa magani.

Hali zanen dutse ne, ba ya sauyawa dare ɗaya. Saboda haka tambayar da ta kamace mu, malamai da iyaye, ita ce: da can haka yake? Idan ba haka yake ba, asibiti yake bukata kafin kirari.

Mu kuma marubuta, idan muka ƙirƙiri tauraro mai yawan shiru, wajibi ne mu san abin da ya hana shi dariya.