WA YA BA MU TIYAR DA MUKE AUNA HALITTAR ALLAH?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya ƙagi halitta ba tare da koyi da kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Issawane da kewaye, daga ƙasar Mayahi har zuwa Tasawa, kowane manomi a cikinmu ya san cewa idan ya kai hatsinsa kasuwa, ba ya yarda mai saye ya zo masa da baƙuwar tiya. Sai ya duba bakinta, ya duba gindinta, don kada a cuce shi. To, abin mamaki, mun bar baƙo ya shigo gidajenmu da tiyarsa, yana auna jikin ƴaƴanmu, yana ce musu ba su cika ba, mu kuwa ko uffan ba mu ce ba.

Wannan baƙo shi ne abin kallo. A da sai an je birni ake ganin gidan bidiyo, yau kuwa yana cikin aljihun yaro. A wurin mai cajin waya ake tura masa fina-finai da kuɗi kaɗan, a fada kuma ana shan shayi ana miƙa waya daga hannu zuwa hannu, wani lokaci har da hotunan batsa, wa'iyazu billahi. An sha yi mana wa'azi a kan zunubin wannan kallo. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne yadda yake sa mutum ya raina jikin da Allah Ya ba shi, ya kuma raina na matarsa.

Ku sani, abin da ido ya saba gani, shi zuciya take ɗauka ma'auni. Alhali surar da ake nunawa a waya ƙirƙira ce: an zaɓi mutum ɗaya cikin dubu, an haska shi da fitila, an goge tabonsa da na'ura, wasu ma likita ya yanka ya ɗinke. Ko mai hoton ba haka yake ba idan ya tashi daga barci. A shekarar 2021 aka fallasa wani binciken cikin gida na kamfanin Facebook, inda kashi 32 cikin 100 na ƴammatan da aka tambaya suka ce idan ba su gamsu da jikinsu ba, kallon Instagram yana ƙara musu damuwa. Wato mai tiyar da kansa ya san tana cuta.

Kuma tiya ce wadda ba ta tsayawa wuri ɗaya. A shekarar 2001 jaridar New York Times ta Amurka ta buga labari daga nan Maraɗi, cewa mata suna shan ƙwayoyin ƙiba, wasu har da abin da ake ba dabbobin turka, don a ce sun cika mata. A cikin wannan shekarar ce kuma wata siririyar ƴar Nijeriya, Agbani Darego, ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya. Can ana neman rama, nan ana neman ƙiba, ga kuma neman farar fata ya bi ko'ina. Wanda ya bi wannan ma'auni ba zai taɓa cika ba har ya shiga kabari.

Dubi abin da man bilicin yake yi. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya, da kashi 25 na matan Mali, suna shafa man sauya launi. Cikin irin waɗannan mayuka akwai masu zaiba, wadda take ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi, har ta cuci ɗan da ke ciki. Akwai masu maganin kumburi mai ƙarfi, wanda yake sa fata ta yi laushi kamar takarda, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa, ya kuma jawo hawan jini da ciwon sukari. Baƙin da ake kankarewa kuwa shi ne garkuwar da Allah Ya yi wa fatarmu daga zafin ranar Sahel. Saboda haka ƙasar Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, hukumar NAFDAC ta Nijeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Samari ma ba su tsira ba. Wanda ya auna kansa da abin da ya gani a hoton batsa sai ya ɗauka yana da naƙasa, ya koma sayen maganin ƙarfin maza a hannun mai talla, ba tare da sanin abin da ke ciki ba.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya riga Ya ba mu ma'auninSa. A Suratut Tin, bayan rantsuwa, Ya tabbatar da kyawun tsarin da Ya halicci ɗan Adam a kansa. A Suratur Rum, aya ta 22, Ya lissafta bambancin launukanmu cikin ayoyinSa. A Suratun Nisa'i, aya ta 119, Ya tona mana cewa sauya halitta yana cikin abin da Shaiɗan ya ɗauki alkawarin sa mutane su yi. A Suratun Nur kuwa, da Ya zo umurnin runtse ido, da maza Ya fara a aya ta 30, sannan mata a ta 31.

A nan nake so mu tsaya, mu maza masu cika sahu. Muna zagin yarinya don ta yi bilicin, amma wa ya aike ta? Saurayin da ya ce shi sai fara, ko da mayya ce. Mijin da yake kwatanta uwar ƴaƴansa da matar cikin waya. Uwar da ta ce a ɗura wa amarya magani kafin biki, don kada dangin ango su ce ba a ciyar da ita ba. Wata baiwar Allah ta kawo mini kuka cewa ƴarta ta karɓi kuɗin gyaɗar da ta noma ta sayi mai, saboda wata kalma guda da mai neman aurenta ya faɗa mata cikin raha. Shi ya manta da maganar, ita kuwa ga fuskarta ta ƙone.

Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya hau itacen asawaki, iska ta bayyana ƙwaurinsa sirara, sahabbai suka yi dariya. Sai Manzon Allah (SAW) ya sanar da su cewa waɗannan ƙwauri sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Wannan ita ce tiyar da za a auna mu da ita.

Saboda haka ina yi wa kaina da ku wasiyya da abu huɗu. Na ɗaya, kowa ya goge abin da ke cikin wayarsa wanda ba zai so a same shi da shi ba ranar da ya mutu. Na biyu, a daina yi wa yara ba'a da baƙi ko gajarta ko rama, uba kuma ya riƙa yaba ƴarsa a gida kafin ta nemi yabo a waje. Na uku, masu turi da masu sayar da mai su ji tsoron Allah a cikin abin da suke ci. Na huɗu, wadda ta daɗe tana shafa mai ko shan ƙwayar ƙiba ta je asibiti a nuna mata yadda za ta bari, domin wasu magungunan yanke su kwatsam yana da haɗari. A yi mata rakiya, kada a yi mata gori, ƙofar tuba a buɗe take.

Allah Ya tsare mana idanunmu, Ya sa mu gode maSa a kan yadda Ya yi mu, Ya shirya mana zuriya, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.