Rajistar 'Yan Gudun Hijira Amana Ce

A shekara ta 18 bayan Hijira, fari ya koro mutanen karkara zuwa Madina. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya sa aka ƙidaya su, domin kada abinci ya tsallake kowa.

To, daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu. Yau a kwamfuta ake ajiye sunayensu. Amma rajistar da ba a sabuntawa ƙofar zalunci ce: jaririn da aka haifa a sansani ba shi da rabo, mamaci kuwa wani ke karɓar nasa. Ma'aikacin da ya cusa sunan ƙarya ya ci haƙƙin maraya, kuma tambaya tana jiransa ranar Lahira. Allah Ya tsare, amin.