GUMIN TALAKA: GARGAƊI GA MAI CIN HAKKIN MA'AIKACI

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki suna biyansa lada, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka sani akwai wani zunubi da ya daɗe a ƙasarmu har mutane da yawa sun daina jin ɗacinsa. Wannan zunubi shi ne a sa mutum aiki ba da son ransa ba, ko a sa shi aiki a hana shi ladansa. Sarakunan Haɓe sun yi, an yi bayan jihadi, Turawa sun yi, 'yan siyasa da sojoji sun zo abin bai ƙare ba. Mulki yana sakewa, hula tana sakewa, amma fartanya tana hannun mutum ɗaya. Za mu bi tarihin a taƙaice, sa'an nan mu auna shi da Alƙur'ani da Sunna, don kowa ya ga inda ƙafarsa take.

ABIN DA SHARI'A TA SHIMFIƊA

Malaman fiƙihu suna kiran ɗaukar mutum aiki "ijara". Sharaɗinta a fili yake: a san aikin, a san ladan, kuma su biyun su yarda. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, ijara ta ɓaci. Dubi ƙissar Annabi Musa (A.S.) a Suratul Ƙasasi. Ya isa Madyana baƙo ne, ba shi da gida, ba shi da dangi, yana gudun kisa. Da dattijon nan ya so, da ya more shi a banza. Amma sai ya yanka masa wa'adi, shekara takwas, in ya ga dama ya cika goma, ya kuma gaya masa ba ya son ya tsananta masa. Ka ji yadda masu tsoron Allah ke ɗaukar ma'aikaci.

A cikin surar nan dai Allah ya ba mu labarin Fir'auna, wanda ya rarraba mutanen ƙasa ƙungiya-ƙungiya, ya danne Bani Isra'ila. To hanya biyu ce, ta dattijon Madyana da ta Fir'auna, kuma duk mai sa wani aiki a kan ɗayarsu yake tafiya.

Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi wanda ma'anarsa ita ce akwai mutum uku da Allah da kansa zai yi shari'a da su ranar Alƙiyama. Cikinsu akwai wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ma'aikaci, aka gama masa aiki sarai, ya ƙi biya. Ɗan'uwa, wanda Allah ne abokin shari'arsa, wane lauya ne zai tsaya masa?

KAFIN ZUWAN TURAWA

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa ayyukan sarakunan zamaninsa waɗanda suka saɓa wa Shari'a. Ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Ya ambaci kamuwa, wato a kama dabbar mutum a ɗora mata kayan sarki ba da izininsa ba. Ya ambaci tilasta wa mutane fita yaƙi, wanda ya ƙi a ci shi tara. Irin wannan zalunci yana cikin abin da ya sa talakawa suka amsa kiran Shehu a 1804.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko ta yi ɗaci. Bayan Shehu ya rasu a 1817, rinji ya yawaita a ƙasar Kano da Zazzau da Sakkwato. Manyan gandaye irin na Fanisau bayi ne ke noma su. Bawa zai shiga gandun ubangidansa da hantsi, ba zai tashi ba sai azahar, sa'an nan ya ja jiki zuwa gayaunarsa ya nemi abin da zai ci. Wani kuma a yanka masa murgu, ya je ya yi sana'a yana kawo wa ubangidansa kuɗi. Ana kai hari ƙauyuka a kamo mutane, kuma a cikin waɗanda ake kamawa akwai 'ya'ya, akwai masu salla. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya ba da fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Barno Musulmi ne, bai halatta a bautar da su ba. An ji fatawar, kwaɗayi ya rinjayi mutane. Kada son iyaye da kakanni ya sa mu halatta abin da Allah ya haramta. Su sun tafi da nasu aikin, mu za a tambaye mu namu.

ZAMANIN TURAWA

Turawan Ingila sun zo suna cewa sun zo hana bauta. A 1901 Gwamna Lugga ya yi doka cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, ya kuma hana hari da cinikin bayi. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Amma waɗanda ke cikin bauta an bar su su fanshi kansu, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

To da suka rufe kasuwar bayi, sai suka buɗe wata ƙofar. Razdan ya gaya wa sarki yawan mutanen da yake so, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya aiki mai unguwa. A haka aka ɗebi mutane aikin hanyar jirgin ƙasa daga Baro, wadda ta iso Kano a 1911. A haka aka sami 'yan dako da suka riƙa ɗaukar kayan Turawa a ka, da masu share hanya da gina bariki. Wa kake tsammani mai unguwa zai kama? Ɗan mai kuɗi ya ba da toshiya ya zauna gida. Ɗan bawa da maraya da baƙo da wanda ya taɓa yi wa dagaci gardama, su ne ake tasa wa gaba.

Mafi muni ya zo lokacin yaƙin Hitila. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa kimanin mutum 100,000 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza. Manomi da bai saba da sanyin dutse ba, ga ƙarancin abinci, ga ɗakin da ruwa ke zuba, ga ciwo. Da yawa sun mutu can, da yawa sun gudu. A gida kuwa gona ta zama saura, don mai noman ba ya nan.

'Yan'uwanmu na Nijar a hannun Faransa su ma sun sha tasu. Kowane baligi akwai kwanakin aikin dole a kansa duk shekara, kuma kwamanda na iya ɗaure mutum ba tare da alƙali ba. Wannan ya sa gidaje da yawa suka tsallako iyaka zuwa ƙasar Sakkwato da Katsina da Kano. An yi yarjejeniyar duniya ta hana aikin tilas a Janeba a 1930, amma Faransa ba ta soke shi a ƙasashen da take mulki ba sai da dokar 11 ga Afrilu, 1946.

Ka lura da abu ɗaya, ɗan'uwa. Bature ɗaya ne a bariki. Hannun da ya riƙe igiya da bulala, hannun mai salla ne.

GAYYA DA AKA MAYAR BAUTA

Gayya a asalinta alheri ce. Mutum ya gayyaci maƙwabta su taya shi noma, ya dafa abinci, ya dama fura, gobe shi ma ya je tasu. Wannan taimakon juna ne, Musulunci yana son sa. Amma a zamanin En'e sai aka ari sunan aka lulluɓe zalunci da shi. Ruwan shuka ya sauka, dogari ya zagaya ya ce gobe gonar hakimi. Lokacin noman fari, haki na cin gonarka, kana gonar hakimi. Maimai haka, girbi haka. Wanda ya ƙi zuwa, ya kuka da kansa ranar rabon haraji. Gayyar da ba za ka iya cewa a'a ba, ta tashi daga gayya.

Wannan yana cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, ta yi yaƙi da su, kuma 'ya'yanta da yawa sun sha ɗauri da bulala a kai. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Amma a watan Afrilu 1980, a Bakalori kusa da Talatar Mafara, manoman da aka karɓe wa gonaki don madatsar ruwa suka tsaya neman diyyarsu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da yawa. Wannan shekara ashirin bayan tafiyar Turawa ke nan.

Har a shekarun 2021 zuwa 2023 an yi ta jin labarin 'yan bindiga a Zamfara suna tilasta wa mutanen ƙauye noma musu gonaki, suna kuma yanka musu kuɗi kafin a bar su su girbe nasu. Inna lillahi! Wanda ke yin wannan ɗan fashi ne a Shari'a, kuma wanda ke sayen hatsin yana sane ya yi tarayya da shi.

UZURAI DA AMSARSU

Wani zai ce, "Ni aiko ni aka yi." Amsa: da Allah ya ambaci laifin Fir'auna, ya haɗa da Hamana da rundunoninsu. Annabi (S.A.W.) ya karantar da mu cewa biyayya sai a cikin abin da yake daidai, ba a bin halitta a saɓa wa Mahalicci.

Wani zai ce, "Al'ada ce, haka muka tarar." Amsa: al'ada tana aiki ne inda ba ta ci karo da nassi ba. Daɗewar haram ba ya mayar da ita halal.

Wani zai ce, "Aikin jama'a ne." To dubi Sunna. Ranar Handaƙu Annabi (S.A.W.) ya shiga rami yana ɗibar ƙasa har ƙura ta rufe masa ciki. Da zai gina masallacinsa a Madina, filin na marayu biyu ne, ya sa aka yi ciniki, ya kuma ɗauki tubali tare da sahabbai. In aikin jama'a ne da gaske, shugaba ya fara shiga, a raba nauyin da adalci, amfanin ya koma wa kowa. Gonar shugaba kuwa tasa ce, ya biya a noma masa.

YANZU GARE KA

Kada ka karanta wannan ka ce Allah wadan Turawa da hakimai, ka rufe littafi. Duba gidanka. Ka ɗauki 'yan ƙwadago da asuba ba ku yi jinga ba, ka ce su dai su yi aiki za ka ga abin da za ka yi musu, da yamma ka miƙa musu abin da ka ga dama. Wannan ijara ɓatacciya ce. Ka ce wa lebura ya dawo ranar kasuwa, ranar kasuwa ka ce ya dawo wata, alhali kuɗin na aljihunka. Annabi (S.A.W.) ya kira jan bashin mai hali zalunci, kuma Ibnu Majah ya ruwaito umarninsa na a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba.

Ka ba talaka buhu ɗaya da bazara ya biya biyu da kaka, in ya kasa ya zo da 'ya'yansa su yi maka noma. Ka haɗa riba da bautarwa. Ka karɓi maraya ko ƙanenka kana noma da shi shekara da shekaru a gandu, ba gayauna, ba aure, ba rabon gado. Kai kuma malam, an kawo maka yara karatu, damina duk suna gonarka, ka ce musu albarka suke nema. Iyayensu don allo suka kawo su. Haka yarinyar da aka kawo daga ƙauye aikatau, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, kuɗin kuma wata ke karɓewa. A hadisin Abu Zarri, Annabi (S.A.W.) ya kira masu yi mana hidima 'yan'uwanmu, ya ce mu ciyar da su irin abin da muke ci, mu tufatar da su irin abin da muke sawa, kada mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. In bawa aka yi wa wannan wasiyya, ina ga ɗa?

Kai kuma ma'aikaci, amana tana kanka. In an yi jinga, ka yi noman tsakani da Allah, kada ka binne haki da ƙasa ka ce ka gama.

Ka sani hakkin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, ko da Hajji. Muslim ya ruwaito cewa matsiyaci na gaskiya shi ne wanda zai zo ranar Alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan, ya doki wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu, in ya ƙare a ɗebo zunubansu a jibga masa. Maganin abin tun yau ne. Zauna ka lissafa wanda ya taɓa yi maka aiki ba ka biya ba. Nemo shi ka biya. In ya mutu, ba magadansa. In ka nema ka rasa su, yi sadaka da kuɗin a madadinsa. Ka tuna mutumin nan cikin ukun da dutse ya rufe a kogo: ma'aikacinsa ya tafi ya bar ladansa, ya juya masa shi har ya zama garke, da ya dawo ya ba shi duka, da wannan aiki Allah ya kawar musu da dutsen.

Ya Allah ka tsare mu da cin gumin bayinka. Ka jiƙan waɗanda suka mutu a ramin kuza da kan hanya da cikin gandaye. Ka ba shugabanninmu tsoronka da tausayin talakawa. Ka sa mu bar duniya babu hakkin kowa a wuyanmu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.