Ajali a Ɓoye Yake: Malamin Makaranta da Yaron da Numfashinsa Ya Tsaya



Ya ku jama'a, idan aka koma lakkwal a watan Oktoba, tafkunan da damina ta cika a Damana da sauran ƙauyukan Tondikandiya ba su gama ƙafewa ba, yara kuwa ba su rabuwa da ruwa. A ƙaddara an tsamo yaro a bayan makaranta, ba motsi, ba numfashi, babban da ke kusa kuma malaminsa ne. Me ya wajaba a kansa?

Da yawa za su yi salati, su lulluɓe shi da zane, su ce kwana ya ƙare. Muna tambaya: wa ya sanar da su? Ajali gaibu ne. Wanda ya naɗe hannu yana cewa lokaci ya yi, ya yi da'awar sanin abin da Allah bai sanar da shi ba. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya ji annoba ta sauka a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa. Da aka tuhume shi da gudun ƙaddara, sai ya nuna musu cewa riƙon sababi ma ƙaddara ne.

Sababin a nan sananne ne tun 1960, lokacin da likitoci a birnin Baltimo na Amurka suka tabbatar cewa danna ƙirji yana tura jini zuwa ƙwaƙwalwa ko da zuciya ta tsaya. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, ba ta jiran motar da za ta kai yaro asibitin Filinge. Ana kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura masa iska a baki sau 2, a yi ta maimaitawa, dannawa 100 zuwa 120 a minti guda, wani kuma ya ruga neman ma'aikacin asibiti. Wanda ruwa ya ci, da hura iska ake fara masa.

Wani malamin tsoro ke hana shi: kada haƙarƙari ya karye, kada iyaye su ce shi ya ƙarasa ɗansu. Haƙarƙari yakan karye, gaskiya ne, amma ƙashi yana ɗoruwa. Alhakin wannan tsoro kuwa yana wuyanmu mu iyaye, da muke saurin zargin mai taimako. Wani kuma kunya ke riƙe shi idan yarinya ce. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa larura tana halatta abin da aka hana gwargwadon buƙata. Idan akwai malama da ta iya, ita ce a gaba. Idan babu, kada namiji ya tsaya kallo.

A ganinmu koyon wannan aiki farillar kifaya ce a kan malaman kowace makaranta, ta boko da ta allo: idan babu ko mutum guda da ya iya, laifin ya hau kan kowa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan a riƙa koyar da shi ga ɗalibai tun daga shekara 12, awa 2 a shekara. Karanta wannan shafi bai wadatar ba, sai an gwada da hannu a gaban wanda ya sani. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana ba da irin wannan horo. Shugabannin makarantu da kwamitin iyaye su nema kafin damina mai zuwa.