Wanda Aka Ɗauke wa Alƙalami, da Wace Hujja Ake Ɗaure Shi?

A asibitin masu taɓin hankali, ko na Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano, ba a rasa ranar da majinyaci zai zabura ya rarumi kujera yana huci. Abin da ma'aikacin jinya zai yi a lokacin aikin asibiti ne, amma akwai fiƙihu a cikinsa.

Malamai sun daɗe da yanke rabin maganar. Sai da hankali shari'a take hawa kan mutum. Wanda ya rasa shi an ɗauke masa alƙalami. Ko kisa ya yi cikin ciwon ba a yi masa ƙisasi, kuskure ake lissafa shi, diyya ta koma kan dangi. To, idan wanda ya yi kisa bai cancanci horo ba, ina ga wanda ya fasa taga ko ya tofa wa nas yawu? Ke nan ɗaure shi ba zai zama hukunci ba. Hujja ɗaya ce ta rage, kare shi da na kusa da shi daga cutarwa, ita kuwa larura gwargwadonta ake yi mata. Da ta gushe, halascin ya gushe.

Abin da ake koya wa ma'aikatan jinya bai saɓa wa wannan ba. A ja baya a ba shi fili, kada a tare masa ƙofa, kada a yi masa taron dangi. Mutum ɗaya ne zai yi magana, da murya ƙasa-ƙasa: "Sannu Baba, me ya ɓata maka rai? Za ka zauna nan ko mu fita waje?" Zaɓin nan, duk ƙanƙantarsa, yana mayar masa da mutuncin da ya ji an ƙwace. Sannan a nemi dalili, domin sukarin jini da ya faɗi, zazzaɓi mai zafi, ko yankewar ƙwayar da jiki ya saba da ita, duk suna iya fitowa kamar faɗa. Maganin haɗiya ake fara miƙawa kafin allura. Riƙewa da ƙarfi ita ce ta ƙarshe.

Tana kisa kuwa. A 2010 Olaseni Lewis, matashi ɗan shekara 23, ya mutu bayan 'yan sanda 11 sun danne shi a asibitin Bethlem da ke Landan. Sai a 2018 aka yi dokar da ta tilasta wa irin waɗannan asibitoci a Ingila rubuta duk amfani da ƙarfi.

A nan gida abin ya fi ɗaci, don da sunan addini ake yin wani ɗaurin. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, da yawa da sarƙa a ƙafa. Sarƙar wata da watanni ba ta da alaƙa da larurar minti goma. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Sai dai nas ɗin ma mutum ce, jikinta na da haƙƙi. Lallashi na buƙatar lokaci da abokan aiki a tsaye kusa. Asibitin da ya bar ta ita kaɗai a aikin dare da ɗaki cike, shi ya zaɓa mata igiya tun kafin majinyacin ya ɗaga murya.