Man Goge Baki da Ma'aunin Cutarwa a Shari'a

Man goge baki, wanda akasarin Hausawa ke kira makilin, haɗin sinadarai ne da ake matsa wa buroshi don wanke haƙora. Kusan kowane irinsa yana ɗauke da gari mai ɗan kaushi kamar silika ko alli, wanda ke kankare datti, da gilisarin ko sobitol da ke hana shi bushewa a bututunsa, da abin kawo kumfa, da ƙamshin na'a-na'a, sai kuma fuloraid mai kare haƙori daga ruɓewa. An daɗe ana zargin wasu daga cikin waɗannan sinadarai da cutar da lafiya, kuma zargin ya ƙara yaɗuwa tun da wayar hannu ta shiga kowane gida. Ga Musulmi tambayar ta wuce ta lafiya kaɗai. Yana son ya san ko ya halatta ya riƙa sa wa bakinsa abin da aka ce guba ne, da kuma ko komawa ga asuwaki kaɗai ya fi kusa da sunna.

Fikihu yana fara irin wannan bincike ne daga ƙa'idoji biyu. Ta farko ita ce asalin abubuwan amfani halacci ne har sai dalilin hani ya zo. Ta biyu an ciro ta daga hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Ibn Majah ma ya ruwaito shi, wanda ya hana cutarwa da rama cuta da cuta. A kansa malamai suka gina cewa abin da ke lalata jiki haramun ne ko da ba najasa ba ne, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a da Gazali da Shaɗibi suka yi bayani. Sai dai cutar da ke haramta abu tana da sharuɗɗa. Dole ta tabbata ko ta rinjaya a zato, kuma ta fi amfanin nauyi. Tsoro marar tushe, wanda malamai ke kira wahami, ba a ɗora hukunci a kansa. Tantance ko akwai cutar kuwa aikin masana fannin ne: malami ya faɗi hukunci, likita ya faɗi abin da jiki ke ɗauka.

Akwai batu na uku da yawancin masu gardama ke tsallakewa, wato gwargwado. Likitan nan na ƙasar Suwizalan, Paracelsus, ya yi fice a ƙarni na 16 da ra'ayin cewa yawan abu ne ke mai da shi guba. Malaman fikihu sun riga shi isa wurin. Imamu Nawawi ya halatta cinikin gubar da mai yawanta ke kisa amma kaɗan ɗinta ke magani, ya ba da misali da saƙamuniya, wani maganin wankin ciki mai ƙarfi. Gishirin miya ma haka yake. Don haka jin cewa wani sinadari yana iya kisa bai isa ya haramta man da ke ɗauke da shi ba, sai an san nawa ne a ciki, nawa ne kuma ke shiga jiki.

Fuloraid ne ya fi shan suka, kuma tarihinsa ya nuna dalili, domin ta hanyar illarsa aka gano amfaninsa. A 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya lura cewa mutanen Colorado Springs a Amurka suna da haƙora masu tabon ruwan ƙasa, amma ba kasafai suke ruɓewa ba. Sai a 1931 aka tabbatar cewa fuloraid ɗin da ke cikin ruwan shansu ne sanadi. A 1945 birnin Grand Rapids ya fara zuba shi kaɗan a ruwan famfo, daga tsakiyar shekarun 1950 kuma ya shiga man goge baki. Yadda yake aiki sananne ne. Ƙwayoyin cutar baki suna cin sukari su fitar da ruwa mai tsami wanda ke zaizaye ɓawon haƙori. Fuloraid yana taimaka wa ɓawon ya maido da ma'adinan da ya rasa, ya kuma ƙara masa juriya. Yawancin man manya yana ɗauke da kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man mai fuloraid cikin jerin magungunan da kowace ƙasa ke buƙata. Rahoton hukumar na 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 2 ne ke fama da ruɓewar haƙoran girma ba tare da magani ba.

Illarsa ma ba ƙage ba ce, kuma ƙasar Hausa ta ɗanɗana ta. A garin Tibiri na jihar Maradi, wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a shekarun 1980 tana ɗauke da fuloraid ninkin ba ninkin abin da ya dace, har ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora. A yankin Langtang na jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe, tabon haƙora daga ruwan ƙasa abu ne da aka sani. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a litar ruwa, kuma wani rahoton hukumar binciken guba ta gwamnatin Amurka na 2024 ya alaƙanta ruwan da ya haura wannan iyaka da raguwar kaifin basirar yara. Duk wannan maganar ruwa ce da ake haɗiya kullum shekara da shekaru. Man da ake gogawa minti biyu a tofar lissafinsa daban ne.

Lissafin ba shi da wuya. Bututu mai giram 100 na man da ke da kashi 1,450 yana ɗauke da miligiram 145 na fuloraid. Likitoci suna ɗaukar miligiram 5 ga kowane kilon nauyin jiki a matsayin abin da ke buƙatar kai yaro asibiti da gaggawa. Ke nan yaro mai kilo 10 sai ya shanye wajen sulusin bututun kafin ya kai nan. Babba ba zai yi haka bisa kuskure ba, amma yaro zai iya, musamman in man mai zaƙi ne. Akwai kuma haɗari mafi sauƙi: yaron da ke haɗiye mai kullum lokacin da haƙoran girmansa ke tsirowa a cikin dasashi yana iya samun fararen tabo a kansu. Shi ya sa likitocin haƙori ke cewa ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kwatankwacin ƙwayar shinkafa, ɗan 3 zuwa 6 kuma kamar ƙaramar ƙwayar wake, babba na tsaye har ya tofar. A ma'aunin shari'a wannan bai mai da man haramun ba. Abin da ya tabbatar shi ne nauyi a wuyan iyaye, su ɗauke bututun daga inda hannun yaro ke kaiwa, waɗanda ke zaune inda ruwan rijiya ke ɓata haƙora kuma su nemi shawarar likita a kan irin man da ya dace da 'ya'yansu.

Tiraikulosan ya kawo tambaya mafi wuya, ta yadda ake yi da shakkar da ba ta kai yaƙini ba. Sinadari ne mai kashe ƙwayoyin cuta da aka riƙa sa wa man goge baki, an kuma nuna yana rage kumburin dasashi. Amma gwaji a kan dabbobi ya nuna yana iya taɓa sinadaran da ke daidaita aikin jiki, aka kuma ji tsoron zai taimaka wa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a sabulun wanke hannu, ta bar shi a man Colgate Total saboda a can an tabbatar da amfaninsa. A 2019 kamfanin ya cire shi da kansa. Titaniyam dayoksaid, mai sa man ya yi fari fat, ya bi irin wannan hanya: Tarayyar Turai ta hana shi a abinci a 2022 domin masananta sun kasa kore yiwuwar illarsa ga ƙwayoyin halitta, amma ba ta hana shi a man goge baki ba. Irin wannan shi ne fagen tsantseni. Wanda ya guje wa abin da ake kokwanto, alhali akwai madadinsa a kanti, ya kyauta. Ba shi da ikon haramta wa wasu. Fari dai ado ne kawai, haƙori bai ƙaru da komai daga gare shi ba, don haka barinsa ba asara.

Sinadarin kumfa, sodiyam loril salfet, lamarinsa gajere ne. Yana iya tayar wa wasu da gyambon baki, su sai su nemi man da babu shi. Maganar cewa yana jawo ciwon daji ta yaɗu ne ta saƙonnin intanet tun ƙarshen shekarun 1990, kuma bincike bai gaskata ta ba. Tura irin wannan saƙo shi ma yana da hukunci. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da bin diddigin labari, kuma Imamu Muslim ya kawo hadisin da ya lissafa faɗin duk abin da aka ji cikin ƙarya. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mutum alhakin wanda ya daina wanke baki saboda saƙonsa.

Gilisarin kuwa matsalarsa ta tsarki ce. Ana samar da shi daga man tsirrai kamar manja da waken suya, ko daga kitsen dabba, kuma takardar jikin bututu ba kasafai take bayyana tushensa ba. In daga kitsen alade ko mushe aka ciro shi, mas'alar ta koma babin istihala, wato rikiɗar abu zuwa wani abu dabam, kamar giyar da ta juye da kanta ta zama khal. Hanafiyya da Malikiyya suna ganin rikiɗa tana tsarkakewa, Ibn Taimiyya ma haka, Shafi'iyya kuwa sun taƙaita ta ga wurare kaɗan. Tun da tushen ba a san shi ba, ƙa'idar cewa asalin abubuwa tsarki ne ita ke aiki, mai son fita daga saɓani kuma ya nemi man da ke da shaidar halal. Sobitol, duk da masana na lissafa shi cikin dangin alkohol, ba ya sa maye, ba shi da alaƙa da giya a hukunci.

Inda man goge baki ya taɓa ɗaukar guba ta haƙiƙa, algus ne sanadi. A 2007 aka gano dayetilin gilaikol, wani ruwan masana'antu mai lalata ƙoda, a cikin man da aka yi a Sin aka kai Panama da wasu ƙasashe. An zuba shi ne a madadin gilisarin don ya fi araha. Sinadarin nan ne ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009 ta cikin maganin haƙoran jarirai na My Pikin. Nan babu saɓani: ha'inci a ciniki haramun ne, mai yi da mai sayarwa da saninsa sun ɗauki alhakin rai, hukuma kuma tana da nauyin sa ido, wanda shi ne ainihin aikin hisba a kasuwa tun zamanin farko. Abin lura ne cewa ana yawan fargabar sinadarin da aka rubuta a jikin bututu, a sayi man da ba shi da lambar hukumar NAFDAC a bakin titi ba tare da tunani ba.

Matsayin asuwaki a sunna ba abin jayayya ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa gudun tsanantawa ne kawai ya hana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wajabta shi a kowace salla. Itacen arak da aka fi so yana da silika da sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta, kuma a ƙasar Hausa ana yin asuwaki da darbejiya da marke da shuwaka. Wannan kansa ya rushe rabon da ake yi tsakanin abin Allah da abin kamfani, domin itacen ma da sinadarai yake aiki, ruwan Tibiri kuma daga ƙasa ya fito ba daga masana'anta ba. Malamai da yawa sun fahimci cewa manufar sunnar ita ce tsabtace baki, shi ya sa Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi, ta yarda da goge haƙora da yatsa a alwala, Shafi'iyya kuma suka ce duk abu mai kaushi da ke gusar da datti ya wadatar. A kan haka malaman zamani da dama suke ganin mai buroshi yana samun ladan tsabta in ya yi niyya, ko da yake itacen ya fi kusa da aikin Annabi, kuma ya fi sauƙin ɗauka zuwa masallaci. Haɗa biyun babu abin da ya hana. Wanda ya bar man ya koma dirzar haƙora da gawayi ko toka kullum kuwa ya yi gudun gara ya faɗa wa zago, domin kaushinsu yana cinye ɓawon haƙori, shi kuwa ba ya sake tsirowa.

A watan azumi tambayar tana ɗaukar wata fuska. Malikiyya sun halatta asuwaki duk tsawon yini, amma sun karhanta ɗanye, don gudun kada wani abu ya narke ya wuce maƙogwaro. Shafi'iyya sun karhanta shi bayan zawali. Man goge baki ya fi ɗanyen itace ƙarfin ɗanɗano da saurin bin yawu, saboda haka Shaihu Ibn Baz ya halatta shi da sharaɗin kada a haɗiye, Shaihu Ibn Usaimin kuma ya ga ya fi kyau a bar shi da rana. A mazhabar Malikiyya, in wani abu daga cikinsa ya rinjayi mutum ya wuce maƙogwaro a azumin farilla, sai ya rama wannan yini. Shi ya sa masu azumi da yawa ke amfani da man bayan sahur kafin alfijir da kuma bayan buɗa-baki, su riƙe busasshen asuwaki da rana.