Gyaran Da Ido Ba Ya Gani

Akwai wani inji da ake sassaƙa ƙarfe da shi. Yana riƙe sandar ƙarfe yana juya ta, wuƙa kuwa tana ɗaure bisa wani sirdi mai tafiya a kan doguwar shimfiɗa ta ƙarfen zubi, wadda ake kira gado. Wajen 1800 Henry Maudslay na Landan ya kyautata shi, har ya riƙa yanka wa ƙusoshi zare iri ɗaya. A 1946 kamfanin Myford na Ingila ya fito da wani ƙarami mai suna ML7, mutane da yawa suka saya, suka kafa a ɗakin aiki a bayan gida.

Wanda ya sami tsohon irin wannan inji, yana so ya gyara, sai ya kwance shi ɗaiɗai. Ya yi wa kowace giya alama kafin ya zare ta, ya jiƙa abin da ya cije da kananzir. Guduma ba ta da aiki a nan, gama ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Bayan wanki da fenti, inji ya koma kamar sabo. A nan tambaya take: gyara ya ƙare ke nan?

Bai ƙare ba. Yawancin aikin da akan ba inji guntun ƙarfe ne, saboda haka sirdi yana kai da kawowa kusa da kan inji shekara da shekaru, har wurin ya ci, ya zama kwari. Zurfin kwarin ba ya wuce kaurin takarda, ido ba ya ganinsa. Amma duk sandar da aka sassaƙa za ta fito gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Keke in ya karkace, mai shi kaɗai yake wahalarwa. Wannan inji kuwa haihuwa yake yi, kowane ɗa da aibin uwarsa. Ƙarfen da ya haifa zai shiga famfon wani, ko motar wani da bai taɓa ganin injin ba.

Wani zai ce, ai mutum a gidansa yake, kayansa ne, wa ya cuta? Maganar tana da ƙarfi muddin abin da ya ƙera bai fita ƙofar gida ba. Amma inji ya fi mai shi tsawon rai. Wata rana magada za su sayar, mai saye kuwa fenti zai duba. Ranar nan fentin ya zama algus, ko da wanda ya shafa shi bai yi nufin haka ba.

Duk da haka ba kowa ya wajaba ya kankare gado ba. Aiki ne na kwanaki: a shafa shuɗi a kan miƙaƙƙen ma'auni, a goga a gado, inda shuɗi ya kama nan ne tudu, a kankare, a sake gogawa. Ƙarfen da aka kankare kuwa ba ya komawa, wanda bai iya ba ɓarna zai ƙara. Abin da ya wajaba a kan kowa shi ne ya auna, ya san iyakar aibin, sa'an nan ko dai ya gyara, ko ya faɗa.

Awon ma da wuyarsa, domin mai gyara ya gaji, yana so ya ji an ce lafiya lau. Maƙeran Ingila sun san faranti biyu suna iya haɗuwa cif alhali dukansu karkatattu ne, ɗaya da kwari, ɗaya da tudu. Don haka Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a ma'aikatar Maudslay, ya yayata dabarar faranti uku: a gwada kowane da sauran biyu, sai duka sun dace. Ido da son zuciya su ne faranti biyu na mai gyara. Na uku, sai ya ɗaura sanda, ya sassaƙa ta, ya auna kaurin farkonta da na ƙarshenta, ya rubuta bambancin a takarda, ya ajiye ta cikin akwatin giyoyi, inda mai saye zai same ta.